Raɗaɗin Yaro Bayan Aikin Ƙaba

 

Na hango iyaye mata sun cika sahun baya da goyonsu, waɗanda haƙiƙa dominsu na taso. Idan jariri ya yi kuka ina cikin magana kada a fita da shi, domin a kansa muka taru, kuma la'alla ya fi ni iya bayanin abin da zan faɗa.

An ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai, sai na ɗauki wanda wasunku za su ga ya yi wa taro irin wannan ƙanƙanta, wato yadda ake kula da raɗaɗin yaro bayan an yi masa aikin ƙaba. Dalilina shi ne, a shekarun da na yi ina sa yara barci a ɗakin tiyata ina kuma tashe su, na ga aiki ne da muke yi kullum, muke gamawa da kyau, sa'an nan mu sallami yaro ya tafi gida ya kwana yana shan azabar da kwalbar magani ta 'yan kuɗi kaɗan za ta ɗauke masa, alhali kuwa kwalbar tana nan cikin leda a bakin gado ba a ko buɗe ta ba.

Mas'ala ta farko, a gurguje: mece ce ƙabar yaro? Lokacin da ɗa namiji yake cikin mahaifa, 'ya'yan marainansa can cikin ciki suke kusa da ƙoda, sai a watannin ƙarshe su gangaro zuwa jakarsu, suna janye da wani ɗan aljihu na tantanin ciki, wanda bisa al'ada yakan liƙe da kansa. In bai liƙe ba, hanji ya sami ƙofa, sai a riƙa ganin kumburi a gefen mara ko a maraina duk sa'ad da yaro ya yi kuka ko yunƙuri, ya kuma koma in ya kwanta. Tana samun tsakanin yaro 1 zuwa 5 cikin 100, ta fi yawa ga bakwaini, ta fi kama maza nesa ba kusa ba ko da yake mata ma ba su tsira ba, kuma galibi a dama take fitowa. Kuka bai kawo ta, sakacin uwa bai kawo ta, bayyana ta kawai kuka yake yi. Aikin kuwa, ana ɗan tsaga ne a kan lanƙwasar fatar mara, tsawon santimita 2 ko 3, a nemo aljihun nan a ɗaure shi daga tushe, ba a sa raga kamar yadda ake yi wa manya, kuma kafin sa'a guda an gama. In ban da bakwaini da jarirai ƙanana, waɗanda ake kwantarwa a lura da numfashinsu daren farko, yawancin yara ranar suke komawa gida. Ku riƙe wannan, domin ma'anarsa ita ce rabin jinyar a hannun uwa da uba take.

Ba sabon ciwo ba ne. Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin ƙaba da hanyoyin maganinta a juzu'in ƙarshe na littafinsa At-Tasrif, har da ƙona wurin da ƙarfe. Allah ya ji ƙan magabata, ya kuma ji ƙan waɗanda aka yi wa aikin a wancan zamani.

Mas'ala ta biyu: shin jariri yana jin ciwo? Na ga wasu iyaye mata suna murmushi, suna cewa a ransu wannan likita yau ya zo da tambayar da ko 'yar raino ta san amsarta. To, ku yi mini uzuri in faɗa muku abin kunyar sana'armu. Tun 1846 aka fara sa mutum barci domin tiyata a birnin Boston na Amurka, amma har zuwa shekarun 1980 akwai manyan asibitoci a Turai da Amurka inda ake yi wa jarirai sabbin haihuwa aiki da maganin da ke sandarar da jiki kawai, ko da ɗan abin sa barci da bai taka kara ya karya ba, bisa wahamin cewa jijiyoyinsu ba su nuna ba balle su kai saƙon ciwo ga ƙwaƙwalwa, da kuma tsoron kada magani mai ƙarfi ya tsayar musu da numfashi. Yaron da aka sandarar ba ya motsi, ba ya kuka, sai aka ɗauki shirunsa hujja. A 1987 ne wani matashin likita ɗan Indiya, Anand, da abokan aikinsa a Okusfod ta Ingila suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan bakwaini da ake ɗaure wa wata jijiya kusa da zuciya, inda suka nuna cewa waɗanda ba a ƙara wa maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi ba jininsu ya cika da sinadaran firgita, kuma sun fi samun matsala bayan aiki. A wannan shekarar ta 1987 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa ƙanƙantar jariri ba ta zama dalilin hana shi maganin ciwo ba. Ashe abin da kakanninmu mata suka sani da gani, sai da aka auna jini kafin malaman likitanci su yi ijma'i a kansa.

Amma kada mu yi saurin yi musu dariya, domin mu ma muna da namu. Sau nawa kuka ji an ce, ai yaro ne, zai manta? A 1997 wasu masu bincike a Toronto ta Kanada sun bi jariran da aka yi wa kaciya ba tare da an kashe musu zafi ba, sai suka tarar cewa bayan wata 4 zuwa 6, ranar allurar rigakafi, sun fi sauran yara kuka da nuna alamun ciwo. Hankali bai riƙe labarin ba, amma jiki ya riƙe. Sa'an nan ga tarbiyyar da muke yi wa ɗa namiji tun yana tatata, cewa namiji ba ya kuka, ga karar da ke hana uwa nuna damuwa da ɗan fari a gaban surukai. Haƙuri ɗabi'a ce mai daraja, ba ni da ja, amma lada a kan haƙuri na mukallafi ne wanda ya san abin da yake haƙuri a kansa. Yaro ɗan shekara 2 da aka bari da zogi, alhakinsa yana wuyan wanda yake da ikon ɗauke masa bai ɗauke ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, saboda tausayin uwarsa. In kukan yaro ya isa a taƙaita salla dominsa, ina ga tashi a ɗauko cokalin magani?

Mas'ala ta uku ita ce wadda na fi so ɗalibai su buɗe kunne a kanta: yaya ake gane ciwon wanda ba ya iya faɗa, ko wanda ya iya amma ya ƙi?

Farkon shigata wannan aiki, na zagaya ɗakin yara da yamma, na tarar an rubuta a takardar wani yaro ɗan shekara 4 da aka yi wa aikin ƙaba da safe cewa yana kwance lafiya, ba ya kuka. Haka ne kuwa, ba ya kuka. Yana kwance rigingine, ya ɗan naɗe ƙafar dama, idonsa a kan fanka, numfashinsa gajere kamar mai tsoron kada cikinsa ya motsa, hannunsa ɗaya ya damƙe bakin zanen kakarsa har yatsun sun yi fari. Na ce, "Malam, ina ciwo?" Ya girgiza kai. Na kusa wucewa, sai tsohuwar ta ce, "Likita, tsoronka yake ji. Ubansa ya gaya masa in ya yi kuka allura za a yi masa." Aka kawo maganin sha aka ba shi. Kafin in gama zagaye in dawo, na same shi zaune yana rigima sai an sayo masa ƙosai. Tun daga ranar ban ƙara yarda da kalmar nan ta ba ya kuka ba, kuma ina roƙon iyaye, don Allah, a daina yi wa yara barazana da allura da likita, domin yaron da aka tsorata haka zai gwammace ya haɗiye ciwonsa da ya faɗa.

Akwai mizani. A 1997 malaman jinya da likitoci a Jami'ar Mishigan suka tsara wani ma'auni na yaran da ba su iya bayani ba, wanda yake duban abu 5: fuska, ko ta yamutse, ƙafafu, ko suna shure-shure ko an naɗe su, kwanciya, ko yaro yana mutsu-mutsu ko ya sandare, kuka, da kuma ko yana rarrasuwa in an ɗauke shi. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 2, jimla 10. Yaron da ya kai shekara 4 ana iya nuna masa hoton fuskoki 6, daga mai walwala zuwa mai tsananin wahala, ya nuna wadda ta yi kama da yadda yake ji. Uwa a gida ba ta bukatar takarda. Ta tambayi kanta, yana wasa kamar jiya? Yana kama nono? Yana yarda a taɓa shi? Ita ta fi kowa sanin ɗanta, kuma malamin jinyar da uwa ta ce masa yaron nan ba haka yake ba, ya amsa mata da ai haka suke yi, ya yi gafala babba.

Mas'ala ta huɗu: abin da muke yi tun yaro yana barci. Bayan maganin barci, mukan kashe zafin wurin aikin ta ɗayan hanyoyi uku: ko allura a can ƙarshen ƙashin baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, ko allura a gefen mara kusa da jijiyoyin da ke kai wa wurin ji, ko kuma likitan fiɗa ya tsiyaya maganin a bakin yankan kafin ya ɗinke. Shi ya sa yaro yake farkawa garau. Amma wannan ni'ima aro ce, galibi sa'a 4 zuwa 6 take yi ta tafi. Ku lissafa tare da ni. An yi aiki da hantsi, an sallame ku bayan azahar, yaro yana ta surutu a cikin A Daidaita Sahu, maigida ya ce alhamdu lillahi ai ya warke, 'yan dubiya suka cika gida, aka manta da ledar magani. Tun kafin a kira magariba allurar ta sake shi, ciwon ya zo gaba ɗaya, yaro ya sa ihu, ya ƙi nono, ya ƙi maganin ma, in an ɗura masa ya amayar, ga dare ya yi, ga asibiti da nisa. Ciwon da aka riga shi isowa ɗan magani kaɗan yake tare shi, wanda kuwa aka bari ya zauna sai an sha fama kafin ya tashi. Saboda haka kafin ku bar asibiti ku tambaya: wane magani aka ba shi a ɗakin tiyata, da ƙarfe nawa, kuma ƙarfe nawa zan ba shi na gaba? Mu ma'aikata kuma wajibi ne mu rubuta lokacin a jikin kwalbar, mu nuna da hannu. Wanda aka yi wa allurar baya ƙafafunsa kan yi nauyi na 'yan sa'o'i, kada a bar shi ya taka shi kaɗai, kada kuma a sa masa wani abu mai zafi a jiki, domin zai ƙone bai ji ba.

Mas'ala ta biyar: maganin gida. Guda biyu ne, kuma sun wadatar ga mafi yawan yara, farasitamol da ibufurofen. Ƙa'idarsu ɗaya: da nauyin yaro ake auna su, ba da shekarunsa ko da ido ba. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, bayan kowace sa'a 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Ga misali. Yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 180. In kwalbar ta ce akwai miligiram 120 a cikin mililita 5, to mililita 7 da rabi ke nan. Amma a duba kwalba, domin akwai mai 250 a cikin mililita 5, akwai kuma na ɗigawa na jarirai mai 100 a mililita 1 tak, wanda in aka auna shi da ma'aunin mai 120 an ba yaro ninki huɗu, kuma hanta ce take biya. Cokalin shayi na gida ba ma'auni ba ne, domin wani ya ninka wani. A nemi sirinji marar allura, a sa malamin jinya ya yi alama a jikinsa. A kuma kula da magungunan mura da tari na kemis, da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai a haɗa biyu ba a sani ba.

Ibufurofen miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, bayan kowace sa'a 8, bayan an ci abinci ko an sha nono. Yaron nan mai kilo 12 zai sha mililita 5 na kwalba mai miligiram 100 a mililita 5. Ba a ba jaririn da bai kai wata 3 ba, ko yaron da ke gudawa da amai har jikinsa ya bushe, ko mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki, mai asma kuma sai an tambayi likita. In an sa wa yaro dikulofenak ta dubura a asibiti, kada a bi shi da ibufurofen sai lokacin da aka faɗa, domin 'yan gida ɗaya ne. Amma ibufurofen da farasitamol ana haɗa su, aikinsu dabam ne. Jarirai ƙanana da bakwaini kuwa, miƙdarinsu likita ne kaɗai yake yankewa.

Kwana 2 na farko a bayar bisa agogo, ko yaro yana wasa; farasitamol da asuba, da rana tsaka, da magariba, da tsakar dare. Na taɓa jin wata baiwar Allah ta ce ita bayan kowace salla take bayarwa don kada ta manta. Niyyarta kyakkyawa ce, amma salla 5 ce, farasitamol sau 4 ne, kuma tsakanin magariba da lisha bai fi sa'a guda da 'yan mintoci ba. In yaro ya yi barci mai nauyi cikin natsuwa ba lalle a tashe shi ba, a ba shi in ya farka, a ƙirga sa'a 6 daga nan. Daga kwana na 3 sai a koma bayarwa in an ga bukata, kuma yawancin yara kafin kwana 4 ko 5 sun koma ƙiriniyarsu. Masu tsoron kada yaro ya saba da magani su kwantar da hankalinsu, waɗannan biyu ba sa kama mutum.

Mas'ala ta shida: abin da ba a ba yaro. Na farko kodin, tare da ɗan'uwansa taramadol. Kodin ba ya aiki sai hanta ta juya shi ya zama mofin, kuma Allah bai halicci hantoci da sauri ɗaya ba: wani ba ya juya shi sam, sai ya sha a banza, wani kuma yana juya shi da gaggawa har numfashinsa ya tsaya cikin barci. Masu irin wannan hanta mai gaggawa sun fi yawa a wasu al'ummun Afirka da Larabawa, a Habasha an samu kusan 29 cikin 100, kuma ba a gane su da ido. Bayan mutuwar wasu yara da aka cire wa 'yan wuya, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2013, a 2017 kuma ta hana ba yaro ƙasa da shekara 12 kodin da taramadol. Mu nan mun san kodin ta wata fuskar, tunda a 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda ya lalata matasa. Na biyu asfirin, wanda ke iya jawo wa yara wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta. Kada a ɓallo wa yaro rabin ƙwayar babansa. Na uku, maganin da ba a san asalinsa ba. A 1990 yara fiye da 100 sun rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda, a 2008 kuma aka sake irin wannan musiba da wani maganin haƙoran yara. A sayi magani a kantin da aka sani, mai lambar hukumar NAFDAC, ba a faranti a tasha ba.

Mas'ala ta bakwai, kuma ta ƙarshe. Magani ba ya maye gurbin ƙirjin uwa. Nono da runguma, fata a jikin fata, an gwada an tabbatar suna rage wa jariri ciwo, don haka da zarar an ba da izini a ba shi ya kama. Babba kuma a yi masa tatsuniya, a ba shi abin wasa, a kuma gaya masa gaskiya gwargwadon hankalinsa, cewa wurin zai yi zafi kaɗan amma ga magani. Addu'a da tofi a yi, alheri ne. Amma bakin ɗinki a bar shi a bushe, ba gashi da ruwan zafi, ba man zafi, ba toka, ba jiƙo ga jariri, ba zuma ga wanda bai shekara ba. Goyo a baya yakan ware ƙafafu ya danne wurin, gara a ɗauke shi a hannu 'yan kwanakin farko. A ba shi ruwa da 'ya'yan itace don kada bayan gida ya yi tauri ya sa shi yunƙuri. Ɗan kumburi a maraina ba abin tsoro ba ne, yakan saɓe da kansa. Amma in ciwo ya ƙi jin magani ko yana ƙaruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko wurin ya yi ja yana fid da ruwa ko mugunya ko jini, ko kumburin yana girma yana tauri, ko ciki ya kumbura yaro yana ta amai, musamman kore, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashe shi, to wannan ya wuce ƙarin cokali. A ɗauke shi a koma asibiti ko da tsakar dare ne. Zazzaɓi kuma kada a yanke masa hukuncin na cizon sauro ne a gida, a bari a gwada jini a duba ɗinkin.

Shugaban taro, na ga an turo mini 'yar takarda, na kuma fahimci abin da take nufi, lokaci ya ƙure.  Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, abokan aikina suna nan su gyara mini. Yanzu fili naku ne, mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma in shugaba ya yarda ina so a fara daga sahun baya.